Tambayoyi da amsoshi kan wasannin talabijin da ake ginawa a kan yaƙin neman zaɓe na gaske

Duk lokacin da wata tasha ta haska wasan kwaikwayon da aka gina a kan kamfe da ya faru a zahiri, gardama iri ɗaya ce ke tashi. Wasu su ce an tona asiri, wasu su ce an yi ƙazafi, wasu kuma su tsaya kan ko jarumin ya yi kama da ɗan takarar. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu kallo na amsa su a nan. Yawancin misalan daga Amurka da Birtaniya suke, domin can aka fi yin irin wannan shiri da sunayen mutane na ainihi.

Wane irin shiri ake nufi?

Wasan da ya ɗauki zaɓen da aka yi da gaske, da 'yan takara da mashawartansu da sunayensu na gaskiya, ya ba 'yan wasa su fito a matsayinsu. Tashar HBO ta Amurka ta yi *Recount* a 2008 kan rikicin ƙidayar ƙuri'un jihar Florida tsakanin George W. Bush da Al Gore, ta kuma yi *Game Change* a 2012 kan takarar John McCain da abokiyar takararsa Sarah Palin a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2008. Tashar Channel 4 ta Birtaniya ta haska *Brexit: The Uncivil War* a watan Janairun 2019 kan ƙuri'ar raba gardamar ficewa daga Tarayyar Turai.

Irin wannan shiri ya bambanta da wanda ake haɗawa da hotunan ainihi da hira da shaidun gani da ido. Ya kuma bambanta da wasan da aka ƙirƙiri shugaba da jam'iyya daga kai. A tsakiya yake: ranaku da sakamako na tarihi ne, hirarrakin kuwa na marubuci ne. Kusan duk rigimar da za a karanta a ƙasa daga nan take tsirowa.

Tunda kowa ya san wanda ya ci zaɓen, me ake kallo?

Ɗakin da ba a bar jama'a sun shiga ba. A lokacin kamfe abin da mai zaɓe ke gani shi ne dandali da tuta da jawabin da aka riga aka tace. Wasan kuwa yana ɗaga labule: ƙarfe biyun dare a ɗakin otal, mashawarci na riƙe da alƙaluman jin ra'ayin jama'a, ɗan takara ya tuɓe takalmi yana tambayar ko akwai sauran dabara.

Sanin ƙarshen labari ma yakan ƙara wa kallon nauyi. Wanda ya zauna kallon *Recount* ya san ƙuri'a 537 ce ta raba Bush da Gore a jihar da aka kaɗa kusan ƙuri'a miliyan 6, ya san Kotun Ƙoli ce ta tsayar da sake ƙidayar ranar 12 ga Disamba, 2000. Duk da haka, idan aka nuno ma'aikacin zaɓe ya ɗaga katin ƙuri'a saitin fitila yana duba ko hudar ta fita ko ta maƙale, sai ka ji gabanka na faɗuwa kamar har yanzu abin na iya juyawa.

Me ya sa mutum biyu za su kalli shiri ɗaya, kowa ya tashi yana cewa nasa aka zalunta?

Wannan hali an daɗe da gano shi. A 1985 wasu masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford, Robert Vallone da Lee Ross da Mark Lepper, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun nuna wa ɗalibai rahotannin talabijin kan kisan da aka yi a sansanonin Sabra da Shatila na Labanon a 1982. Rahotannin iri ɗaya ne, amma masu goyon bayan Isra'ila suka ce an karkata ga Larabawa, masu goyon bayan Larabawa suka ce an karkata ga Isra'ila.

Haka abin yake a wasan kwaikwayo, har ma ya fi. Na taɓa kallon *Game Change* tare da abokai biyu masu bambancin ra'ayi. Da aka zo inda Julianne Moore, a matsayin Palin, take zaune da tarin ƙananan katunan haddace amsoshi, ana yi mata magana ta ƙi ɗago kai, ɗaya ya nuna allo ya ce, "Ka gani ko? Wannan aka so a ba kujerar mataimakiyar shugaban ƙasa." Ɗayan ya ce, "Ni mace nake gani da aka jefa cikin ruwa ba a koya mata iyo ba." Dukansu ba su yi ƙarya ba, abubuwan biyu suna cikin fitowar. Kowa ya tsinci wanda ya zo nema.

Shi ya sa idan na ga ɓangarori biyu duk suna ƙorafi kan shiri ɗaya, ba na saurin cewa shirin ya yi adalci. Yana iya yiwuwa ya yi, yana iya yiwuwa kuma ya cuci ɓangare ɗaya da gaske, ɗayan kuma yana kukan da ya saba ne kawai.

Maganganun da ake yi a ɗaki a rufe, daga ina marubuci yake samo su?

Daga wurare uku. Na farko littattafan 'yan jarida da na waɗanda aka yi kamfen da su. *Game Change*, alal misali, an ɗauko shi ne daga littafin da John Heilemann da Mark Halperin suka fitar a 2010, wanda suka gina a kan hirarraki da mutanen cikin kamfen, yawanci ba tare da bayyana sunayensu ba. Na biyu hirar da marubucin wasan ke yi da kansa da duk wanda ya yarda ya yi magana. Na uku kuma kansa.

A lura da matsalar da ke cikin na farko da na biyu: wanda ya yarda ya yi magana shi ke da labari. Mashawarcin da ya zauna awa uku da marubuci yakan fito a matsayin mai hankalin da ya hango matsala tun da wuri. Wanda ya ƙi ɗaga waya kuwa sai a zana shi da bakin wasu. Idan ka ga wani a cikin wasa kullum shi ke faɗin gaskiya ana ƙin saurarensa, ka tambayi kanka ko shi ne majiyar.

Na ukun shi ya fi wuyar sha'ani. Wasan *The Deal* na 2003 ya nuna zaman da Tony Blair da Gordon Brown suka yi a wani gidan cin abinci mai suna Granita a Landan a 1994, bayan rasuwar shugaban jam'iyyar Labour John Smith, inda aka ce sun daidaita kan wanda zai nemi shugabancin jam'iyyar. Su biyu ne a teburin, babu rikoda, kuma ɓangarorin biyu sun shafe shekaru suna saɓani kan alƙawarin da aka yi. Duk kalmar da Michael Sheen da David Morrissey suka furta a wannan fitowa, marubuci Peter Morgan ne ya sa musu a baki. Wani lokaci ma zaman gaba ɗaya ake ƙirƙira, kamar haɗuwar da aka nuna a wasan Brexit tsakanin Dominic Cummings na ɓangaren ficewa da Craig Oliver na ɓangaren zama, a mashaya, bayan kisan 'yar majalisa Jo Cox. An shirya ta ne don ra'ayoyin biyu su fuskanci juna a teburi ɗaya.

Ai kowa ya san wasa ne. Ina illar?

Kowa ya sani a daren da yake kallo. Bayan shekara biyu fa? Ƙwaƙwalwa tana riƙe hoto da magana, amma takan saki inda ta samo su. A watan Satumban 2008, 'yar wasan barkwanci Tina Fey ta kwaikwayi Palin a shirin *Saturday Night Live*, ta ce tana hango Rasha daga gidanta. Abin da Palin ta faɗa a hirarta da tashar ABC shi ne ana iya hango Rasha daga wani tsibiri na Alaska, kuma hakan gaskiya ne. Har yau mutane da yawa na jingina mata maganar Fey. To wannan barkwanci ne da kowa ya ga ana dariya. Ina ga wasan da aka yi da fuska a ɗaure, da kwanan wata a ƙasan allo, aka cakuɗa shi da hotunan labarai na ainihi?

A ganina nan ne haƙƙin ya fi nauyi a kan masu shiryawa. Ƙirƙirar kalmomi don cike giɓin zaman da aka san an yi, wannan sana'ar ce. Amma sa wa mutum mugun furucin da babu shaidar ya taɓa yi, wannan ya wuce cike giɓi, domin furucin zai bi shi ko da an manta sunan wasan.

Su 'yan siyasar da aka kwaikwaya me suke cewa?

Amsar da aka fi ji ita ce "ba zan kalla ba." Haka McCain ya ce game da *Game Change*, Palin da makusantanta kuma suka yi watsi da shi tun kafin a haska, suka ce labarin ƙarya ne. Amma Steve Schmidt da Nicolle Wallace, manyan jami'an kamfen, sun ce abin da aka nuna ya yi daidai da abin da suka gani. Kafin ka yanke hukunci, ka koma amsar da ke sama kan majiyoyin marubuci, ka kuma tuna cewa dangantaka tsakanin waɗannan jami'ai da Palin ta riga ta yi tsami tun kafin a gama kamfen.

Warren Christopher, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka wanda ya jagoranci tawagar Gore a farkon rikicin Florida, ya yi ƙorafi a fili cewa *Recount* ya nuna shi a matsayin mai sanyin jiki da ke gudun faɗa, ya ce abin da aka rubuta a kansa ƙirƙira ce. Irin wannan ƙorafi na waɗanda ba su ne taurarin labarin ba ya fi taɓa ni. Ɗan takara yana da dandalin da zai mayar da martani. Mutumin da aka taƙaita aikinsa na shekara arba'in cikin fitowa huɗu don a haska jarumtar wani, shi ba shi da wannan dama.

Me ya sa ake yawan magana kan kama da murya fiye da labarin kansa?

Saboda shi ne abin da kowa ke iya aunawa da idonsa. Ba ka san abin da aka faɗa a ɗakin otal ba, amma ka san yadda ɗan takarar ke tafiya da yadda yake jan harafi. Haɗarin shi ne idan kamar ta yi kyau, mai kallo yakan miƙa yardarsa ga sauran abubuwan duka. Moore ta samu kyautar Emmy kan wannan rawa, kuma ta cancanta, sai dai gwanintar jaruma ba ta tabbatar da ko layi ɗaya na abin da aka rubuta mata.

Na kalla na ji tausayin ɗan siyasar da nake adawa da shi. An yaudare ni ke nan?

Ba lallai ba. Kyamara na tsayawa kusa da fuska, kuma duk wanda ka zauna da shi awa biyu kana ganin gajiyarsa da tsoronsa da kewar 'ya'yansa, da wuya ka tashi kana kallonsa kamar da. Ban ga aibu a nan ba. Siyasa ta fi lafiya idan mutane na tuna abokin hamayya mutum ne.

Abin kiyayewa shi ne kada tausayi ya zama hukunci kan manufa. Masu sukar wasan Brexit da dama sun ce ba Benedict Cumberbatch rawar Cummings ya mayar da shi haziƙin da ba a fahimta ba, mutumin da ke shigewa ɗan ƙaramin ɗakin ajiya yana rubuce-rubuce har ya fito da taken kamfe. Kana iya jin daɗin kallon wannan, ka kuma ci gaba da tambayar ko abin da aka rubuta a jikin motar kamfen, cewa Birtaniya na aika wa Tarayyar Turai fam miliyan 350 a mako, gaskiya ne.

Irin wannan wasa yana iya sauya sakamakon zaɓe?

Masu tsananin ra'ayi ba sa sauyawa saboda wasa, dalilin yana cikin amsa ta uku. Yawancin masu kallon ma mutanen da suka riga suka damu da siyasa ne. Inda tasirin yake shi ne a kan abin da ake tattaunawa a makon da aka haska, da kuma yadda za a tuna zaɓen nan gaba.

Amma hukumomi da tashoshi ba sa ɗaukar abin da wasa. A watan Afrilun 2019, ana gobe fara kaɗa ƙuri'a, Hukumar Zaɓen Indiya ta dakatar da fitar da fim ɗin tarihin rayuwar Firaminista Narendra Modi, daga baya ta sa aka janye wani shiri mai dogon zango a kansa da ake haskawa ta intanet. Fim ɗin bai fito ba sai 24 ga Mayu, kwana ɗaya bayan bayyana sakamako. A Amurka kuwa akasin haka aka yi da *The Comey Rule*, wanda ya taɓo binciken hukumar FBI a lokacin zaɓen 2016. Tashar Showtime ta fara sa shi bayan zaɓen Nuwamban 2020, daraktan Billy Ray ya nuna rashin amincewa a fili, sai aka dawo da shi ƙarshen Satumba. Duk wanda ya ja wannan igiya, ta kowane ɓangare, ya yarda lokacin haskawa na da tasiri.

Me ake nufi idan aka ce shirin "ya yi wuri"?

Cewa ƙura ba ta lafa ba. An kaɗa ƙuri'ar Brexit ranar 23 ga Yuni, 2016, masu son ficewa suka samu kusan kashi 52 cikin 100. Lokacin da aka haska wasan a farkon 2019, Birtaniya ba ta fice ba tukuna, majalisa na tsaka da rikici kan yarjejeniyar ficewa ta Firaminista Theresa May, kuma maganar karya dokar kashe kuɗin kamfe ba ta mutu ba. Masu cewa ya yi wuri suna tsoron wasan zai kafa labari a zukata kafin bincike ya kammala. Marubucin, James Graham, yana ganin aikin wasan kwaikwayo ne ya shiga muhawara tun tana da zafi.

Ina ganin ƙarfin hujjojin biyu. Wanda ya jira shekara ashirin zai samu takardu da shaidu, amma zai tarar masu kallon da abin ya shafa sun ragu. Wanda ya yi gaggawa zai samu masu kallo, amma da rabin labari.

Wanda aka ɓata wa suna zai iya kai ƙara?

Zai iya, cin nasara ne ke da wuya, kuma dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, jami'in gwamnati sai ya tabbatar cewa an san maganar ƙarya ce aka yaɗa, ko an yi ko-in-kula da gaskiyarta. Daga baya aka faɗaɗa wannan ga fitattun mutane baki ɗaya. Tsohuwar jaruma Olivia de Havilland ta kai tashar FX ƙara kan yadda aka nuna ta a wani shiri, kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta yi watsi da ƙarar a 2018. A Ingila dokar 2013 ta ce sai mai ƙara ya nuna an yi wa sunansa mummunan lahani. A ƙasashen biyu, iyalan mamaci ba sa iya shigar da ƙarar ɓata suna a madadinsa.

Shi ya sa matsin lambar jama'a ya fi kotu aiki. A 2003 tashar CBS ta fasa haska *The Reagans* bayan 'yan jam'iyyar Republican sun yi ca a kanta, musamman kan wani furuci game da masu cutar ƙanjamau da aka sa a bakin Ronald Reagan ba tare da shaida ba, alhali yana kwance da cutar mantuwa ba zai iya kare kansa ba. Aka mayar da shirin tashar Showtime mai ƙarancin masu kallo.

Rubutun da ake sakawa a farko cewa an ƙirƙiri wasu sassa, yana da amfani?

Yana da shi, amma kaɗan. Layi biyu ne da ke wucewa cikin daƙiƙa biyar, sannan awa biyu na hoto da kiɗa su biyo baya. Kuma ba ya gaya maka wane sashe ne aka ƙirƙira. An yi wannan gardama sosai kan *The Crown*, shirin kamfanin Netflix kan gidan sarautar Birtaniya: a 2020 sakataren al'adun Birtaniya Oliver Dowden ya nemi Netflix ta bayyana cewa ƙagaggen labari ne, kamfanin ya ƙi, sai a 2022 ya ƙara irin wannan bayani a ƙarƙashin tallan zango na biyar, bayan tsohon Firaminista John Major ya ƙaryata wata fitowa da ta shafe shi.

Yanzu ma abin ya ƙara rikicewa, domin mutane da yawa ba sa kallon shirin gaba ɗaya. Guntun minti ɗaya suke gani a Facebook ko TikTok, an yanke shi daga mahallinsa, babu gargaɗi babu sunan shiri. Dubi amsar da ta yi magana kan Tina Fey.

An taɓa samun inda wasan ya riga kamfen zuwa?

An samu a Yukren. Daga 2015 Volodymyr Zelensky ya riƙa fitowa a wani shiri mai dogon zango a matsayin malamin tarihi da bidiyon faɗansa kan cin hanci ya bazu, har aka zaɓe shi shugaban ƙasa. Aka yi wa jam'iyya rajista da sunan shirin, wato Bawan Jama'a. Zango na uku ya fito ana saura kwanaki a yi zagayen farko na zaɓen 2019, kuma a zagaye na biyu, ranar 21 ga Afrilu, Zelensky ya doke shugaba mai ci a lokacin, Petro Poroshenko, da kusan kashi 73 cikin 100. Gajiyar da mutane suka yi da tsofaffin 'yan siyasa da yaƙin gabashin ƙasar sun taka rawa babba, amma masu zaɓe sun riga sun shafe shekaru suna ganinsa a kujerar kafin ya nema.

To yaya zan bambance abin da ya faru da abin da aka ƙirƙira?

Fara da tambayar ko akwai kyamara a wurin. Jawabi a dandali, muhawarar 'yan takara, hira da 'yan jarida, sanarwar sakamako, duk waɗannan akwai na ainihinsu, kuma yawanci ana samunsu a YouTube. Ka kalli na gaskiyar ka gwada. Za ka ga inda aka taƙaita, da inda aka sauya jerin abubuwa don labari ya yi daɗi. Idan kuwa mutum biyu ne a mota ko a ɗakin kwana, ka ɗauka marubuci ne ke magana, sai in wani daga cikinsu ya tabbatar.

Sannan ka nemi littafin da aka ɗauko shirin daga ciki, ka ga da wa aka yi hira, wa ya ƙi. Ka karanta martanin waɗanda aka kwaikwaya daga ɓangarorin biyu, har da wanda ba ka so. Manyan jaridu kan fitar da sharhin da ke bin shirin fitowa bayan fitowa a makon da aka haska shi. Mutumin da ka ga ba a ambaci cikakken sunansa ba, ko ka neme shi a labaran lokacin ka rasa, sau da yawa mutum uku ko huɗu ne aka haɗe a jiki ɗaya.

Idan kuma tare da wanda kuka saɓa a siyasa za ku kalla, ku yi yarjejeniya tun kafin a kunna: duk fitowar da ta tayar da gardama a rubuta ta a takarda, a ci gaba da kallo, in an gama a nemo ko ta faru. Mu da abokan nan biyu haka muka yi a karo na biyu. Muka tashi da fitowa bakwai a takarda, huɗu muka samu hoton ainihinsu a daren, sauran ukun kuwa a ɗaki a rufe aka yi su.